Kada a Ruwan Nan

Malamai sun kasa jahilci gida biyu. Akwai na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba. Wannan karatu ne maganinsa. Akwai kuma murakkabi, mai hawa biyu kamar benen attajiri, na wanda bai sani ba kuma bai san bai sani ba. A saman wannan bene Zaharaddini na Ɗorawar Hambali ya shimfiɗa tabarmarsa, yana leƙen mutane daga can yana jin tausayinsu.

Ɗorawar Hambali ƙauyen manoman rani ne tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal yake shayar da shinkafa da albasa da tumatir. Zaharaddini ya bar garin yana saurayi, ya yi shekaru a birnin Kano yana sayar da rake a ƙofar gidan namun daji. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga ciki, ranar wata salla da cunkoso ya ɗauke shi ya kai shi gaban kejin kura, ya kuma dawo da shi waje ba takalmi. Amma kunnensa ya tsinci ɓarɓashin abin da malaman makaranta suke gaya wa ɗalibai a bakin ƙofa. Da sana'ar rake ta ƙi, ya dawo gida da madubin hangen nesa wanda ido ɗaya ya mutu, da sunan da ya raɗa wa kansa: Masanin Halittu.

Tun daga nan teburin mai shayi ya zama makarantarsa. Birni, in ji shi, daji ne da aka zuba wa kwalta: 'yan adaidaita sahu su ne fara, dillalai su ne angulaye, masu manyan motoci kuwa giwaye ne da ba sa ganin abin da suka taka. Ya ce balbela tana bin shanu ne don a ɗauka ita ce mai su. Ya ce kwaɗi idan suna kuka, zurfin ruwa suke aunawa suna gaya wa juna. Ya ce jemagun birni sun fi na ƙauye wayewa, domin su a kan wayar lantarki suke kwana. Mutane suna saurare, saboda shayi da zafi ba a iya kurɓe shi a tashi.

Ana nan sai Allah ya yi wa Sarkin Ruwan garin rasuwa. Sarautar ba ta da doki ba ta da rawani mai kunne, amma mai ita shi ke riƙe da mabuɗin ƙofofin kanal, shi ke cewa yau ruwa na wane ne, gobe na wane. Bakin jama'a ya karkata ga Iliyasu, manomi mai haƙuri da sanin hannun ruwa, wanda kuma taubashin Zaharaddini ne. Wannan magana ta tsaya wa Zaharaddini a maƙogwaro kamar ƙayar tarwaɗa. Yaya za a ba wa wanda bai taɓa ganin kura ido da ido ba mulkin ruwa, alhali ga masani yana zaune?

A makon nan samari suka yi gayya suka sare kacallar da ta shekara da shekaru tana toshe bakin babban kwalbati, can bayan gari. Da hantsi Zaharaddini ya je duba tsuntsaye a wurin, sai ga wani tsohon allon hukuma da ciyawa ta daɗe da haɗiyewa ya bayyana, an kafa shi kan ƙarafa biyu. Ya haɗa baƙaƙen boko da ƙyar, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Katakon sama ya ce KADA. Na ƙasa ya ce A RUWAN NAN.

Bai tsaya ɗaure mazagin wandonsa da kyau ba sai a teburin mai shayi.

"Jama'a, a ajiye kofuna," in ji shi. "Hukuma ta tabbatar da abin da na daɗe ina zargi a kimiyyance. Akwai kada a babban kwalbati."

Iliyasu ya ci gaba da tsoma burodinsa. "Kada ko guza, taubashi? Domin bara ka ce ka ga mesa, muka je da sanduna muka yi wa tiyon injin ban-ruwa dukan kawo wuƙa."

"Wancan kuskuren haske ne. Wannan a rubuce yake. Sunansa a kimiyya Kurkudilus Bunkuriyus. A larabce kuma tuffahu."

Liman Jamaluddeen, wanda ya tsaya sayen sukari, ya juyo a hankali. "Tuffahu ɗan itace ne mai zaƙi, Zaharaddini. Timsahu kake nufi."

"Allah gafarta Malam, wancan na Masar ne. Namu na nan ya fi zaƙin nama."

Liman ya karɓi sukarinsa ya yi istigfari, bai fayyace ko don kansa ko don wani ba.

Gani ya kori ji, aka ɗunguma zuwa kwalbati. Dattawan garin ajami suka iya, don haka wani saurayi mai boko ya karanta allon da ƙarfi, ya kuma karanta daidai yadda Zaharaddini ya faɗa. Iliyasu ya zura hannu ta giɓin da ke tsakanin katakon sama da na ƙasa, ya kaɗa yatsu.

"Wannan fili da aka bari a tsakiya fa, na mene ne?"

"Wurin manna hoton dabbar ne idan an kama ta," in ji Zaharaddini. "Haka ake yi a birni. Kai da iyakarka kasuwar Kura ina za ka sani?"

"Gaskiya ne. Ni ina Kura, kai ka bar Kura ka tafi kallon kura, ka dawo ba takalmi."

Kafin dariya ta kama, wata mata ta nuna ƙarƙashin kwalbati ta ja da baya. A cikin inuwa, inda ruwa yake da duhu, ga wani abu dogo, kore-kore, mai kaushin baya, yana ɗagowa yana nutsewa a hankali. A ƙarshensa ga ƙululu biyu a jere kamar idanu. Zaharaddini ya kafa madubinsa a idon da ya mutu, ya juya shi, ya sake kafawa.

"Namiji ne," ya ce. "Kuma yana cikin fushi. Ku dubi yadda ya ƙi motsi."

Kafin azahar labari ya kai Bunkure, kafin la'asar ya kai Madobi, inda aka ce kadan ya riga ya cinye jaki da mangalarsa. Mata suka daina zuwa wanki. Fulani suka canza mashaya. Mafi muni, lokacin dashen shinkafa ne, 'yan dashe kuwa suka rantse ba mai sa ƙafa a fangali matuƙar ruwansa daga wannan kanal yake zuwa. Iri ya fara tsufa a inda aka yafa shi. Dagaci Abdulsamad ya tara mutane a ƙofar gidansa ya tambayi mafita.

Zaharaddini ya miƙe ya gyara igiyar madubi a wuya. "Ranka ya daɗe, ni zan kama shi da rai, a ɗaure, in ajiye shi a nan gabanka. Sai dai aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da mabuɗin ƙofofin ruwa a hannu."

Dagaci ya dube shi, ya dubi Iliyasu. Iliyasu ya dubi sama.

"An ba ka aron mabuɗi," in ji Dagaci. "Idan ka kawo kada, mabuɗi ya zama naka da sarautarsa. Idan ba ka kawo ba, ka dawo da shi da ƙafarka."

Abin nema ya samu. Zaharaddini ya rataya mabuɗin, wani ƙaton ƙarfe mai kamar hannun injin markaɗe, a kafaɗa, ya zaga gari da shi har gidajen da ba ya gaisawa da masu su.

Dabararsa ta farko ita ce tarko da nama. Ya shiga gida ya cafke agwagwar matarsa Saliha, wadda take kiwo tun tana 'yar tsako.

"Malam, ina za ka da ita?"

"Aikin kimiyya. Za ta shiga tarihi."

"Ta shiga tarihi ko ta shiga cikin kada? Ka kai masa madubin mana, shi ma ai ido ɗaya ya rage masa a duniya."

"Mace ba ta gane bincike."

"Na gane agwagwata. Idan ba ta dawo ba, kai ma ka nemi tuwo a tarihi."

Ya ɗaura wa agwagwa doguwar igiya a ƙafa, ya ɗaura ɗaya bakin a nasa idon sawu don ya ji lokacin da kada zai kama, ya jefa ta ruwa, ya kwanta rub da ciki a bakin kanal yana leƙe. Masanin Halittu bai yi la'akari da cewa jefa agwagwa a ruwa ba azaba ba ce, biki ne. Ta yi wanka, ta yi nutso, ta kama ƙananan kifi, sa'an nan ta haye bayan kadan ta tsaya da ƙafa ɗaya tana gyaran gashi. Mutanen da suka taru daga nesa suka fara gunaguni.

"Taubashi," Iliyasu ya kira, "kadan naka azumi yake yi?"

"Dabara ce. Yana so ta saki jiki."

Wanda bai saki jiki ba shi ne Zaharaddini, domin a kan gidan cinnaku ya kwanta, kuma sun gama shawara sun shiga ta ƙafar wando. Ya daure don mutunci har suka kai inda mutunci ba ya aiki. Ya zabura ya yi tsalle, igiya ta fizgi agwagwa, agwagwa ta tsorata ta yi fiffike ta bi ta cikin kwalbati, igiya ta ɗaure ta fizge ƙafarsa, ya zauna daɓas a cikin taɓo. Igiya ta tsinke. Agwagwa ta ɓulla ta ɗaya gefen ta faɗa cikin irin shinkafar Iliyasu, ta yi kalaci mai kyau, da yamma ta koma gida da kanta. Saliha ta buɗe mata ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, mai hankalin gidan."

Washegari ya bayyana wa teburin mai shayi cewa gwajin ya yi nasara: an tabbatar kadan ba ya cin tsuntsu, saboda haka mai cin mutum ne. 'Yan dashe biyu da suka fara tunanin komawa aiki suka fasa.

Sai ya sanar da babbar dabara: za a ƙafar da kanal, a kama dabbar a busasshiyar ƙasa, ranar Asabar da hantsi, kowa ya zo ya shaida.

Kowa kuwa ya zo. Adaidaita sahu suka yi ta sauke mutane daga Kura. Masu rake da masu awara suka kafa kasuwa. Samari suka hau kan kwalbati da wayoyi a ɗage. Aka shimfiɗa wa Dagaci darduma a inuwa, Liman a gefensa. Zaharaddini ya fito sanye da hular kwano ta ɗan acaɓa, da takalmin roba har gwiwa, ya naɗe hannuwansa da buhunan taki, madubi a ƙirji, mabuɗi a kafaɗa.

Kanal ɗin yana da ƙofa biyu, ɗaya a sama da kwalbati inda ruwa yake shigowa, ɗaya a ƙasa inda yake fita. Zaharaddini ya nufi ta ƙasa.

"Taubashi," in ji Iliyasu, "ta sama ake rufewa."

"In rufe ta sama ya gudu ta ƙasa? Hanyar gudu ake fara tarewa. Haka ake yi wa zaki."

"To ruwan da ke shigowa ina zai je?"

"Ruwa yana da lissafi. Idan ya ga ba hanya, zai koma inda ya fito."

Iliyasu ya buɗe baki, Dagaci ya ɗaga masa hannu. Zaharaddini ya murɗa ƙofar ƙasa ya rufe ta ruf, ya juyo ya fara yi wa jama'a bayanin yadda haƙoran kada suke sake tsirowa duk watan Rajab. Ruwa kuwa bai san da lissafin da aka ɗora masa ba. Ya taru, ya kumbura, ya haura, ya lalubi wuri mai taushi a gaɓa inda gafiyoyi suka yi rami, ya ɓalle ta nan da ƙara. Gonar da take ƙarƙashin wannan gaɓa ta albasa ce, ta kai cira, kuma ta Zaharaddini ce. Jama'a suka juya suna kallon albasa tana tashi daga fangali ɗaya bayan ɗaya tana iyo, kamar kawunan masu wanka a kogi.

Saliha, daga cikin mata, ta ce, "Ga shi nan ya koma inda ya fito."

Iliyasu ya zabura. Ya zare mabuɗin daga ƙofar ƙasa ya ruga ya rufe ta sama, kafin ruwa ya gama da albasa ya shiga tumatirin marayu da ke maƙwabtaka. Da aka tsayar da mai shigowa, wanda ke ciki ya tsiyaye ta ɓarakar, kanal ya ƙafe sai laka.

Zaharaddini ya ɗaga murya. "Kun gani? Da gangan na yi. Masani yakan sadaukar da albasarsa don al'umma."

Ga kada kwance a laka a bakin kwalbati, tsawonsa ya kai na mutum, gansakuka ta lulluɓe shi, idanun nan biyu a kafe. Mata suka ja yara baya. Zaharaddini ya yi zarge da igiya, ya jefa ya kama kacalla, ya sake jefawa ya kama ƙafar mai awara, a na gaba ya dace ta faɗa wuyan dabbar. Ya miƙa ɗaya bakin ga Emma, wani mutumin Filato mai tuƙa adaidaita sahu, ya ce ya ɗaura a bayan kekensa.

"Oga Masani," in ji Emma, "idan ya biyo ni fa?"

"Ba ya bin mai ƙafa uku. An bincika."

Emma ya ja. Igiya ta miƙe, laka ta yi tsotso ta saki, kada ya fito fit ya zamo kan gaɓa yana jan ciki, ya nufo jama'a. Aka watse. Masu rake suka bar rake. Emma ya waiga ya ga abu yana bin sa, ya ƙara wuta, abu ya ƙara gudu, sai da keken ya faɗa kwata ya tsaya. Zaharaddini ya ga idan bai yi wani abu yanzu ba wayoyin samari za su ba Emma sarauta. Ya rufe ido ya yi kabbara ya daka tsalle ya faɗa bayan kada, ya rungume shi. Suka yi birgima a caɓi, igiya tana nannaɗe shi, shi a sama, shi a ƙasa, shi kaɗai yake nishi. Ya danne, ya zauna a kansa da ƙarfi don ya nuna rinjaye, sai ya ƙwalla ƙara.

"Ya cije ni! Jama'a, ya cije ni ta baya!"

"Ta baya?" in ji Iliyasu, yana matsowa. "Bakinsa a gaba yake, taubashi, ga shi ka riƙe."

"Irin na Bunkure ta ko'ina yake cizo."

Iliyasu ya ɗaga shi tsaye. Wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa ta fito daga bayan kada, da ƙyallen wando a bakinta. Iliyasu ya ƙwanƙwasa dabbar da ɗan yatsa, ta amsa da muryar katako. Ya karɓi bokitin ruwa a hannun mai awara ya kwara mata, ya goge gansakuka da buhun takin da ya warware daga hannun Masani. Idanun nan biyu suka zama kawunan noti. A tsakanin kai da wutsiya farin fenti ya bayyana.

Dagaci ya ce a karanta. Saurayin nan mai boko ya sunkuya, ya karanta a zuci, ya dubi Zaharaddini wanda laka ta rufe tun daga hular kwano har takalmi, ba a ganin komai sai idanu, sa'an nan ya karanta da ƙarfi:

"A YI WANKA KO WANKI."

Dariyar da ta tashi sai da balbelu suka bar gonaki. Wani tsoho ya riƙe ciki ya zauna a kan raken mutane.

"Ka ji umarnin hukuma, Malam," in ji Saliha. "Kuma duka biyun sun wajaba a kanka."

Iliyasu da Emma suka ɗauki katakon suka kai wurin allo, suka ɗaga shi a giɓin da aka bari don hoton dabba. Ya zauna daram, ramin noti a kan ramin noti. Aka karanta daga sama har ƙasa: KADA A YI WANKA KO WANKI A RUWAN NAN.

Liman Jamaluddeen ya gyara zama ya ce, "Wannan ita ce illar rubutun da ba ya jan wasali. Da da ajami aka rubuta, da ba mu kai ga haka ba. Kada na hani gajere ne, a kan fataha yake tsayawa. Kada na ruwa sai an ja shi da alifi. Alifi guda, tsayuwar tsinke, shi ya ci albasar bawan Allah nan."

Zaharaddini ya tofar da laka. "Allah gafarta Malam, a kimiyyance ba a kore yiwuwar cewa na gaskiyar ya ji motsi ya gudu, ya bar wannan a madadinsa. An san su da..."

"Iliyasu," in ji Dagaci, "mabuɗi yana hannunka?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"To ya zauna. Ka tara samari a toshe ɓarakar nan kafin azahar, gobe 'yan dashe su shiga gona." Ya juya ga mai laka. "Kai kuma ka yi alkawarin kawo mana kada a ɗaure, ga igiya kuwa a wuyanka da ƙafarka. Ba za a ce ba ka cika ba. Sarautar ruwa ta wuce ka, amma suna ya same ka."

Tun daga ranar ba wanda ya sake ce masa Masanin Halittu, ko Zaharaddini. Daga Kura har Bunkure, Kada ake kiransa, kuma mutanen garin, da gangan, ba sa jan alifin sosai ba sa kuma gajarta shi.

Bayan an yi masa allurar tsatsa, ya yi kwanaki yana cin tuwo a tsaye, miyar kuwa ba albasa. Wata safiya yana tsakar gida sai ya hangi wani baƙin abu mai tsawo kwance a kan katangar maƙwabta. Ya lallaɓa ya ɗauko madubi, ya kafa a ido, ya gyara murya.

"Saliha, zo ki ga ikon Allah. A kimiyyance wannan..."

Saliha tana watsa wa agwagwa dusa, ba ta ko ɗago ba.

"Kada," ta ce.

Ya tsaya da madubi a hannu yana jira ya ji ko kiransa take yi ko hana shi. Ta ci gaba da watsa dusarta. Ya auna maganar ta nan, ya auna ta can, ya ga duk inda alifin ya faɗa shi ake nufi. Ya mayar da madubi cikin aljihu.